Ranar da Alby Ya Ɗaga Hannu

Yau wata huɗu ke nan babu mai faɗa mini yadda teku ya kwana. Shekara arba'in da ɗaya, kullum kafin ruwan shayi ya tafasa, mijina Alby zai fita baranda da gajeren wando, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya shafa gwiwarsa ta hagu, sannan ya leƙo ta tagar kicin ya ce, "Gimbiya, yau garau, ki yi shanya." Sai in bar wankina a bokiti, don na san ruwan sama na hanya. Idan kuwa ya ce hadari na tafe, ranar nake wanke barguna. Ban yi karatu mai zurfi ba, da ƙuruciya na bar makaranta na shiga kamfanin gwangwanin kifi, amma wannan lissafin bai taɓa ba ni kunya ba. Yanzu rediyo nake saurara, shi kuwa yau ya faɗi daidai gobe ya kuskure, ba ka san ta inda za ka kama shi ba.

Tun ranar jana'iza kowa a garinmu Merrigal yake ba da labarin hular Alby yadda ya ga dama. Labulena aka yanka a cikin maganar, don haka ni ya kamata in faɗa.

Lokacin da abin ya faru, shekara talatin da ɗaya Alby ya yi a ƙungiyar masu ceto ta bakin tekunmu, kuma aikinsa ɗaya ne: gasa nama da albasa a cusa a burodi ranar Asabar da Lahadi. Amma yana da hula. Hular masu ceto ce, rabi ja rabi rawaya, mai igiya da ake ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa. Ta mahaifinsu ce, wanda ya shugabanci ƙungiyar a zamaninsa, ya taɓa fito da mutum tara daga ruwa a yini ɗaya. Alby da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa cire haƙori. A coci kaɗai yake cire ta, nan ma sai ya ɗora ta a gwiwa yadda na kusa za su gani.

Kowace shekara masu hula suna yin gwaji. A yi gudu a yashi, a faɗa ruwa a zagayo wani jan duro da ake ɗaurewa can bayan inda igiyar ruwa ke fashewa, a dawo a sake gudu. Alby bai taɓa yi ba. Wata shekarar kunne, wata shekarar ƙugu. Kakarsu ta wajen uwa sau biyu tana rasuwa a ranar gwaji.

Ana nan sai aka zaɓi ƙanwarsa Rhonda ta zama shugaba. A makonta na biyu wata mata ta rugo wurin Alby tana ihu wai ruwa na jan mijinta. Alby ya ruga da matsefin nama a hannu, ya shiga ruwa iya gwiwa, ya tsaya yana nuna wa mutumin hanya da matsefin. Allah ya taimaka wasu suka gani suka fito da shi.

Ranar Laraba Rhonda ta zo gidanmu, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, Lahadi ƙarfe tara. Ka zagayo duron, hula taka ce. Ba ka zagayo ba, ka ajiye mini ita a kan tebur."

"Hular Baba?"

"Hular masu ceto. Wanda ruwa ya ɗauke wa mutum hular yake nema da ido, ba ya tambayar ta uban waye."

"Ke Rhonda! Ni da na goya ki a bayan nan?"

"Ka goya ni ka yar da ni a kwata. Ga tabon nan har yau."

Alby ya miƙe ya gyara igiyar hularsa. "Iyo aikin kifi ne. Ni karanta teku nake yi. In na kalle shi sau ɗaya na san abin da zai yi jibi. Kuma ki sani, tun da aka haife ni hannun nan bai taɓa tashi sama neman agaji ba, ba kuwa zai tashi ba. Ragwaye ke ɗaga hannu."

"Ai ba ka taɓa wuce inda ruwa ke taɓa cibiya ba. Wa za ka ɗaga wa?" Ta juyo gare ni. "Matar yaya, ki ciyar da shi da kyau, Lahadi akwai aiki."

Tana fita ya buga tebur. Ya ce ba zai yi gwajin yara ba. Zai buɗe nasa wurin ceto a ƙarshen kudu, kusa da duwatsu, da hasumiyarsa da tutocinsa, irin masu ja da rawaya da ake kafawa biyu a nuna wa jama'a inda za su yi wanka lafiya. Kafin Lahadi jama'a za su watse daga tutocin Rhonda su dawo nasa, sai ita da kanta ta zo ta roƙe shi ya riƙe hular.

Na ce, "Da wace tutar?"

Labulen falo yake kallo, ja ne, kyautar aurenmu. Daga nan idonsa ya koma kan rawayan mayafin teburin cin abinci.

Kafin in dawo daga kanti ya yanka su, ya ɗinke da zaren kamun kifi. Tuta ɗaya ya ɗaura a sandar goge ƙasa, ɗayar a ƙarfen labulen. Ya ɗauko mazurarin zuba wa mota mai ya ce lasifika ce. Tsani da allon rubutu kuwa wurin maƙwabcinmu Spiro ya aro, mai shagon soyayyen kifi da dankali, wani ƙato mai tumbi da gashin baki. Na ce wa Spiro don me zai ba shi.

Ya ce, "Maƙwabciya, talabijin ɗina ya lalace. Me kike so in kalla?"

Ranar Alhamis Alby ya kafa tsani a jiƙaƙƙen yashi, ya hau can ƙoli, ya sa mazurari a baki. Mutum biyar ne a wurin da kare ɗaya, sai ni da na kawo masa abinci, sai Spiro da ya zo da kujerarsa.

"Jama'ar Merrigal! Daga yau kun sami mai ceto na gaskiya, wanda ya gaji abin a jini!"

Ruwa na cikowa a lokacin. Duk igiyar da ta zo sai ta ɗebi yashi a ƙarƙashin tsanin. Muna kallo Alby na raguwa a hankali, yana karkata hagu, bai daina jawabi ba.

Spiro ya ce, "Sarkin Teku, ko dai idona ne, ko kana gajercewa?"

"Kada a katse ni! Kamar yadda nake cewa, teku ba ya yi mini ba-zata..."

Tsanin ya tafi da shi gaba ɗaya, tim, cikin kumfa. Karen ne ya fara isa wurinsa, ya ɗauke mazurarin ya gudu. Alby ya taso yana tofar da yashi ya ce da gangan ya yi, yana gwada laushin ƙasa ne, kuma ƙasar ta ci jarrabawa.

Ranar Juma'a zafi ya tashi tun da safe. A allon Rhonda an rubuta cewa iskar kudu za ta iso wajen ƙarfe uku, kowa ya naɗe laimarsa. Alby ya je ya karanta, ya yi tsaki, ya shafa gwiwa, ya dawo ya rubuta a nasa allon: ISKA BABU. KU BUƊE LAIMA KU SAKE. Da yake wajen Rhonda ya cika, iyalai kamar goma suka dawo wajensa. Ya riƙa zagayawa yana gaisawa da su kamar mai masauki.

Ƙarfe uku saura kaɗan na ga gefen kudu ya yi baƙi. Na ce, "Alby, dubi can."

"Hayaƙin jirgin ruwa ne."

Hayaƙin jirgin ya iso da ƙarfinsa. Laima goma suka tashi lokaci ɗaya suna wuntsilawa a kan yashi, masu su na bin su. Wani mutum ya kama tasa, ta ja shi har cikin kwandon shara. Yashi ya shiga abincin kowa. Allon Spiro ya tashi sama, ISKA BABU na juyawa a kansa, ya sauka a rufin banɗakin jama'a. Tutar da ke kan sandar goge ƙasa ta tsinke, na kamo ta a jikin wata mata da ta lulluɓe.

Da iska ta lafa Alby ya nemi igiyar da zai mayar da tutar, babu. Sai ya zare zariyar wandonsa na wanka ya ɗaure ta tamau.

Na ce, "To wandon fa?"

Ya bugi cikinsa. "Wannan ya isa ya riƙe wando uku."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ranar Asabar ya zo da madubin hangen nesa na mahaifinsu, wanda ido ɗayansa ya fashe. Wajen ƙarfe goma ya hango wani baƙin abu dogo yana yawo kusa da duwatsu, da wani tsinke a tsaye a bayansa. Ya busa usur har sai da jijiyar wuyansa ta fito.

"Shak! Kifin shak mai cin mutane! Kowa ya fito!"

Ihun ya kai har wajen Rhonda. Iyaye suka suri 'ya'ya, wani tsoho ya fito da gudu ya bar sandarsa a ruwa. Shi kuwa Alby, da ke kan busasshiyar ƙasa taku ashirin daga ruwa, ya haye ƙolin tsani ya naɗe ƙafafu.

Baƙin abin ya matso gaɓa, ya miƙe tsaye, ya cire bututun numfashi daga baki. Spiro ne cikin baƙar rigar roba, da jakar kaguwa a hannu.

"Ina shak ɗin? Sarkin Teku, ina yake? Ni ma in gudu!"

Da aka gane, wata mata ta zauna a ƙasa saboda dariya. Alby ya sauko a hankali ya ce ta nesa kamannin ɗaya ne.

Spiro ya ce, "Shak mai gashin baki? Shekara ashirin muna katanga ɗaya, ba ka san tumbina ba?"

Rhonda ta iso a kan babur ɗin yashi, fuskarta ba dariya. Ta ja yayanta gefe, amma na ji.

"Yaya, wasan ya isa. Cire tsummokaran nan. 'Yan gari sun san ka, baƙo bai san ka ba. Baƙo in ya ga ja da rawaya shiga zai yi."

"Tsoro kike ji za a bar ki ke kaɗai."

"Gobe in na gama gwaji na same su a nan, da hannuna zan ƙone su."

Ranar Lahadi muka tashi muka tarar teku ya sauya. Manyan raƙuman ruwa sun kwana suna dukan gaɓa, sun kwashe yashi daga nan sun tara can. Ko'ina fari fat da kumfa, sai wuri ɗaya kusa da duwatsu, faɗinsa kamar titi. Nan ruwan ya yi duhu, ya kwanta lumui, ko igiya ɗaya ba ta fashewa.

Duk wanda ya tashi a Merrigal ya san wannan. Kwararo muke ce masa. Ruwan da igiya ta tura gaɓa ta nan yake komawa teku, da gudun da ya fi na gwanin iyo. Zurfinsa ne ya sa ba ya kumfa. Amma Alby shekara talatin da ɗaya yana bakin teku fuskarsa na kan wuta, bayansa ya ba ruwan.

Ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Gimbiya, dubi ikon Allah. Rhonda na can tana jefa mutane cikin hauka, ni kuwa an shimfiɗa mini tabarma."

"Alby, kwararo ne."

"Kishi ne."

Ya kafa tuta ɗaya a dama da shi, ɗaya a hagu. 'Yan garin da ke wucewa suka riƙa girgiza kai, babu wanda ya kusanci ruwan. Na ce a raina in an jima zai gaji, Rhonda ta zo ta yi abin da ta ce.

Sai ga doguwar mota ta tsaya a filin kudu, don can ne kaɗai ke da wuri. Tsofaffi kusan arba'in suka firfito, 'yan wata coci daga yankin manoman alkama, tafiyar awa bakwai daga teku. Wasunsu ba su taɓa sa ƙafa a ruwan gishiri ba. Wata doguwar mata mai faffaɗar hula ce a gaba, Misis Purcell. Ta dubi kumfar da ke wajen Rhonda, ta dubi lumui ɗin da ke gabanmu, ta dubi hular Alby.

"Yawwa, ga wurinmu. Tsakanin tutoci aka ce, ko ba haka ba, ranka ya daɗe?"

Alby ya kumbura har ya kusa fashewa. "Haka ne, uwargida. Kun zo hannun gwani."

Suka fara cire takalma. Na ce wa Spiro ya ruga ya kira Rhonda, da yake ita da mutanenta duk suna can ƙarshen arewa wajen gwaji. Ban taɓa ganin Spiro na gudu ba sai ranar. Ni kuma na shiga gabansu na ware hannu.

"Don Allah kada ku shiga. Wurin nan ja yake yi. Tutocin nan labulena ne."

Misis Purcell ta dube ni sama da ƙasa, da tsohuwar rigata da kwandon abinci. "Baiwar Allah, ke ce mai hular ko shi?"

Tsofaffi biyu har sun sa ƙafa a ruwa. Ban san abin da zan yi ba, sai na juya ga mijina na ce da ƙarfi, "To, mai hula, in lafiya lau ne ka fara shiga su gani."

Allah ya sani na faɗa ne don na san halinsa. Na ɗauka zai kama kunne ko ƙugu, a yi ta gardama har Rhonda ta iso. Ban lissafa da ido tamanin da ke kallonsa ba. Ya dube ni, ya dubi su, ya ja igiyar hularsa ya ƙara ɗaurewa.

"Kowa ya tsaya a inda yake. Ku kalli yadda ake yi."

Ya shiga. Gwiwa, cinya, cibiya. A cibiya ya ɗan tsaya, na ce to ga kunnen nan zai motsa. Sai ya ƙara taku ɗaya, ƙasa ta ƙare.

Ruwan ya ɗauke shi a hankali kamar ɓawon burodi. Ya juyo yana murmushi. "Kun gani? Ko motsi ba na yi, shi ke kai ni!" Tsofaffin suka tafa masa.

Da ya ga muna ƙanƙancewa sai murmushin ya ɗauke. Ya juyo ya fara iyo zuwa gaɓa, yana dukan ruwa da hannu da ƙafa, yana ƙara nisa. Wani tsoho ya ce, "Kai, gwani ne, da baya yake iyo." Can bakin kwararon wata igiya ta rufe shi. Da ya ɓullo babu hula a kansa, kuma ya daina dukan ruwa. Kansa kawai ke nutsewa yana fitowa.

Daga baya na san dalili. Igiyar hular ce ta tsinke, ya cafke hular da hannun dama. A daidai lokacin wandon da ciki ya isa ya riƙe ya kama hanyar gwiwa, ya cafke shi da hagu. Ƙafafu kaɗai suka rage masa, su kuma sun gaji.

Na fizgi mazurarin man, wanda karen ya bar wa shaidar haƙora, na sa a baki na kira shi da cikakken sunansa.

"Albert Tunks! Daina faɗa da ruwan! Kwanta rigingine ka ɗaga hannu!"

Kan ya nutse, ya fito.

"Ka ɗaga hannu, tsohon banza, ko in shigo in same ka!"

Nan Misis Purcell ta gane ba wasa ba ne. Ta jefar da jakarta ta ɗaga hannu sama. "Haka, bawan Allah! Haka!" Sauran suka bi ta. Tsofaffi arba'in a jere a bakin ruwa, kowa hannu a sama, suna ihu da murya ɗaya, "Ɗaga! Ɗaga!"

Rhonda ta iso da allon ceto, dogon nan da ake hawa a tuƙa da hannu a kan ruwa, ta faɗa kwararon don ya kai ta da sauri. Amma raƙuman sun yi tsawo, tana hawa tana sauka ba ta ganinsa. Na ga tana waige-waige a kan allon. Ban taɓa jin sanyi irin na wannan lokacin ba, ga rana tana dukana.

Sai wani abu ja da rawaya ya tashi sama daga cikin ruwan, a ƙarshen wani farin hannu, miƙe sambal.

Abin da suka faɗa wa juna a can Rhonda ce ta ba ni labari, shi kuwa ya musanta har ya koma ga Allah. Ta ce da ta isa ta ce, "Yaya, kama allon da hannu biyu."

Ya ce, "Ba hali."

"Me ya hana?"

"Akwai abin da nake riƙe da shi a ƙasa."

"To saki ɗaya. Hula ko wando."

Ta ce ko tunani bai yi ba. Ya cusa hular a baki ya cije, ya saki wandon, ya rungumi allon.

Ba ta dawo ta kwararon ba. Ta yi gefe da su zuwa inda igiya ke fashewa, igiyar ta turo su gaɓa, shi a kwance rub da ciki a gaban allon. Ba zan yi dogon bayani ba, amma abin da jama'a suka fara hangowa ba fuskarsa ba ce. Misis Purcell ta rufe ido da hannu, yatsun a buɗe. Na tumɓuke tutar sandar goge ƙasa na shiga ruwa har ƙugu na naɗe shi da ita, rabi labule rabi mayafin tebur, na ɗaure da zariyar wandonsa.

Spiro, da ke zaune a yashi yana haki, ya ce, "Shekara talatin ina sayar da farin kifi, ban taɓa ganin mai faɗin wannan ba."

Aka yi dariya har da masu hawaye. Alby ya zauna yana amayar da ruwan gishiri, hular na hannunsa. Da dariyar ta lafa sai Misis Purcell ta matso kusa da Rhonda, muryarta ƙasa-ƙasa.

"'Yata, da mu ne muka shiga fa?"

Rhonda ta ce, "Allo ɗaya gare ni, uwa."

Alby ya ji. Ya daɗe yana kallon tsofaffin nan da ƙafafunsu farare marasa takalma. Sannan ya tashi, yana riƙe da labule a ƙugu, ya je ya tumɓuke ɗaya tutar da kansa ya yar. Ya dawo gaban ƙanwarsa, ya matse ruwan hular, ya miƙa mata. Bai ce komai ba, wanda a sanina shi ne karo na farko.

Ta karɓa. Ba ta ce ya bari ba, ba ta ce wasa take yi ba. Ta kai ta ɗakin ƙungiya ta rataye a ƙusa. Abu ɗaya ta yi: Asabar ta gaba da ya zo gasa nama, ya tarar ta sa an juya murhun, yanzu fuskarsa na kallon teku.

Shirun nasa kwana shida ya yi. Rana ta bakwai na ji shi yana cewa wani baƙo, "Da gangan na shiga. In ba ka nuna wa mutane da jikinka ba, ba sa ganewa." Daga nan duk wanda ya zo karɓar burodi sai ya sha karatu kafin a sa masa albasa. Zai nuna da matsefi ya ce, "Ka ga wurin can mai duhu da ya kwanta kamar mutumin kirki? Shi ne ɓarawon. In ya ɗauke ka kada ka yi faɗa da shi. Kwanta rigingine, ka ɗaga hannu sambal, haka. Ni na ƙirƙiro dabarar." Shekara goma sha ɗaya yana wannan, nama na ƙonewa, layi na tsawo. Misis Purcell kuwa duk Kirsimeti sai ta aiko masa da kati da sabuwar zariya a ciki.

Ba ruwa ne ya ci shi ba. Zuciya ce, a gadon asibiti, a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci. Safiyar ƙarshe magana ta ɗauke masa. Ina zaune a gefe, Rhonda na tsaye bakin ƙofa da jaka, sai ya buɗe ido ya ɗaga hannun dama sama, sambal, kamar yadda yake koya wa mutane. Ma'aikaciyar jinya ta ce ko ruwa yake so. Na ce a'a. Na kama hannun da nawa biyu.

Rhonda ta buɗe jakar ta fito da hular, ta sa mata sabuwar igiya. Ta ɗora masa, ta ɗaure a ƙarƙashin haɓa, ta ce, "Aro ne, Yaya. Kada ka je can kana cika baki." Da ita aka binne shi.

Ni ban iya doguwar addu'a ba, don haka ku taya ni da wannan. Allah mai ganin hannun da aka ɗaga komai tsawon raƙuman ruwa, ya ga na Alby, ya fitar da shi gaɓar da babu kwararo. Ya tsare duk wanda zai sa ƙafa a teku bana, ɗan gari da baƙo, ya ba shi ikon ɗaga hannu tun da sauran ƙarfi. In kuma Alby ya ce wa mutanen can gobe garau, Allah ya ba su basirar kwashe shanya. Ku ce amin.